Daga Ƙofar Kware Zuwa Bakin Iyaka: Zaman Ribaɗi da Tarihin Gidaje a Ƙasar Sakkwato, 1809-1903

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya san Sakkwato ya san ƙofofi takwas na tsohon birni: Ƙofar Kware, da Ƙofar Rini, da Ƙofar Marke, da Ƙofar Taramniya, da Ƙofar Atiku, da Ƙofar Aliyu Jeɗo, da Ƙofar Kaɗe, da Ƙofar Dundaye. Ganuwa ta zube tuntuni, sunayen ne suka wanzu a kan shiyyoyin da ke wuraren. Wasu ƙofofin sunan mutum suka ɗauka, wasu sunan itace, wasu kuwa sunan garin da hanyarsu ta nufa. Ƙofar Kware tana cikin kashi na ƙarshe. Ita ce ke fitar da mutum arewa, ya ƙetare gulbi, ya isa garin Kware mai nisan kimanin kilomita 20, daga nan ya miƙe zuwa ƙasar Konni da Adar.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi wannan hanya a duba yadda aka zauna a bakin iyakar Sakkwato a ƙarni na 19, da yadda wannan zama ya haifar da gidajen da muka sani a yau. Abin da nake son nunawa shi ne, da gidaje Daular Usmaniyya ta tsare iyakarta, domin ba ta da rundunar soja mai albashi irin ta zamani. Akan ɗauki ɗan sarki ko babban malami, da iyalinsa da barorinsa da bayinsa, a dasa su a wurin da ake jin tsoro. Saboda haka a ƙasar Sakkwato tarihin iyaka da tarihin gidaje ba su rabuwa. Sai dai salsalar da gidajen suka adana ba ta ɗauke da sunayen mafi yawan mutanen da suka yi wannan zama, kuma a nan ne sauran aikinmu yake.

Batun tasirin zaman iyaka a kan al'umma ba sabo ba ne ga masana tarihi. Tun a 1893 wani masani Ba'amurke, Frederick Jackson Turner, ya gabatar da takarda a birnin Shikago, inda ya ce a bakin iyaka aka ƙera halin Amurkawa da tsarin mulkinsu, watau a wuraren da Turawa baƙi ke sarar daji suna matsawa yamma. Za mu waiwayi wannan misali a gaba, don kwatanci yakan fito da abin da ya keɓanta da namu.

2.0 Yadda Iyakar Take

Mutane da yawa sun ɗauka cewa da aka ci Alkalawa a 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, yaƙi ya ƙare ke nan. Ba haka al'amarin yake ba. Gobirawa sun ja da baya ne suka sake shiri. Sarakunan Katsina da aka kora sun kafa Maraɗi a wajejen 1819. Kabawa suna yamma, Zamfarawa suna gabas, Abzinawa kuwa yau suna tare da Sakkwato, gobe suna tare da abokan gābanta. Shi kansa birnin Sakkwato, wanda Muhammadu Bello ya kewaye da ganuwa a 1809 a kan tudun da ke kallon mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, sansanin tsaro ne tun asalinsa.

'Yan shekaru kaɗan sun isa su nuna tsawon wannan hali. A 1826 Baturen nan Clapperton ya ga rundunar Bello ta kewaye Konya, mazaunin Gobirawa na lokacin, ta kuma dawo ba ta ci garin ba. A 1836 Bello ya yi babbar nasara a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda suka rasa rayukansu, amma Gobirawa suka koma suka gina Tsibiri kusa da Maraɗi. Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ya kai wa Tsibiri yaƙi, ya sami rauni, ya rasu a Katuru a 1842. A 1849 Kabawa suka tashi ƙarƙashin Yakubu Nabame, Argungu ta zama ƙaya a gefen Sakkwato da Gwandu har zuwan Turawa. Lokacin da Barth ya nufo Wurno a 1853, sai da ayarinsu ya ratsa dajin Gundumi dare da rana ba yada zango, don tsoron mahara. Watau kusan ƙarni guda, cibiyar daular da ke karɓar gaisuwa daga Kano da Bauci da Adamawa ba ta fi tafiyar kwana biyu ko uku a kan doki daga abokan gābanta ba.

3.0 Kware: Gari Ɗaya, Gida Biyu

Labarin Kware ya tara kusan dukan abin da wannan takarda ke son faɗi, saboda haka za mu ɗan daɗe a kansa.

Wanda ya fara kewaye Kware da ganuwa shi ne Malam Abdussalami, Ba'are, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu Usmanu waɗanda ba Fulani ba. Kafin jihadi ya gudu da jama'arsa daga matsin Gobir ya zauna a Gimbana. Harin da dakarun Yunfa suka kai Gimbana a ƙarshen 1803, da kuɓutar da kamammun garin da jama'ar Shehu suka yi sa'ad da aka biyo da su ta kusa da Ɗegel, su ne suka gaggauta hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Ke nan Abdussalami da mutanensa suna cikin waɗanda suka fara shan wuyar wannan al'amari.

Da aka zo rabon ƙasa bayan nasara, abin da ya samu bai kai abin da yake ganin ya cancanta ba. Da alamun rashin jin daɗinsa suka bayyana, aka umurce shi ya matso kusa, ya zauna a Kware inda idon Sakkwato zai riƙa ganinsa, aka kuma yarje masa ya gina ganuwa. Garin ya cika da Hausawa da sauran masu ƙorafi, har ya riƙa hulɗar ciniki da waɗanda Sakkwato ke ɗauka abokan gāba. Bayan rasuwar Shehu a watan Afrilu na 1817 sai ɓaraka ta fito fili. Wasiƙun da suka gudana tsakaninsa da Bello suna cikin littafin Bello mai suna Sardul Kalami. A cikinsu Abdussalami ya zargi shugabannin jama'a da zalunci, ya kuma aiko da zane mai nuna yadda aka raba ƙasa, yana tambayar ina rabonsa. Bello ya ba da amsa da hujjojin shari'a, ya nemi sulhu, abin bai yiwu ba. A farkon 1818 aka ci Kware, Abdussalami ya fita da rauni, ya rasu a Bakura. Ya kamata mu lura cewa ta bakin wanda ya yi nasara muke jin wannan labari, ko da yake abin yabo ne da ya adana mana kalmomin abokin hamayyarsa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi shafar tarihin gidaje. Gidan Abdussalami bai mutu ba. Ɗansa Buhari ya daidaita da hukuma, ya koma kudu maso yamma da sauran Gimbanawa, ya kafa Jega. Zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Kabin Jega, kasuwar Jega kuwa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin yammacin daular. Mutanen da aka tayar daga wata iyaka, su ne suka je suka raya wata.

Ita kuma Kware aka sake raya ta a matsayin ribaɗi, daga baya aka danƙa ta ga Isa, autan Shehu, wanda aka haifa a shekarar da mahaifinsa ya rasu. Shi ne aka sani da Isan Kware ko Isa Mai Kware, kuma sarautar garin ita ce Sarkin Yamma. Isa ya tashi a hannun yayarsa Nana Asma'u, ya zama mawaƙi, ya yi waƙoƙi da Hausa, ya kuma mayar da wasu waƙoƙin Asma'u daga Fulatanci zuwa Hausa. Wannan ba ƙaramar shaida ba ce game da mazauna ribaɗi. Ɗan Shehu na cikinsa, idan yana son talakawansa su ji wa'azi da tarihin jihadi, da Hausa zai yi musu magana, domin ita ce harshen da ya haɗa su.

4.0 Manufar Bello da Zaman Yau da Kullum a Ribaɗi

Kalmar ribaɗi daga Larabci take, ma'anarta zama a bakin iyakar Musulmi don tsaro, kuma malamai sun ɗauke shi ibada mai lada. Bello ya yi rubutu a kan ribaɗi da gadi, ya kuma aikata abin da ya rubuta. Ya zauna a Magariya, sa'an nan a ƙarshen shekarun 1820 ya gina Wurno a kan Gulbin Rima, arewa maso gabas da Sakkwato. A can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Murray Last, a littafinsa na 1967 kan Daular Sakkwato, ya nuna cewa manufar ta wuce tsaro kawai. Bello yana son Fulani makiyaya su bar yawo su zauna a garuruwa masu ganuwa, inda akwai masallaci da liman da alƙali da makaranta, su rage dogara ga garken shanu, su kiwata dawaki da raƙuma da tumaki da awaki, su koyi noma da sana'a. Irin wannan shawara ya rubuta wa Muhammadu Jailani, shugaban jihadi a cikin Abzinawa. A ganinsa, mutumin da ke bin ciyawa daga wannan daji zuwa wancan, da wuya shari'a ta kai gare shi, da wuya kuma a same shi ranar gayya.

To, yaya zaman yake ga wanda aka dasa a irin wannan gari? Abu na farko shi ne ganuwa, da gwalalo da sarƙaƙiya a bayanta. Gyaranta bayan kowace damina aikin gayya ne a kan kowane gida. Ƙofa takan rufe da faɗuwar rana. Gonakin gero da dawa sukan kasance inda manomi zai iya sheƙowa cikin gari idan an yi kururuwa, fadamar gulbi kuwa ta ba da shinkafa da albasa da noman rani. Rumbu a cikin ganuwa yake, domin garin da hatsinsa ke waje ya riga ya ba da kansa. Da kaka ta yi, ruwa ya janye, sai lokacin fita yaƙi, kuma mayaƙan su ne dai manoman nan, ladansu ganima. Mahara kuma ba su da lokaci. Sukan faɗa wa mai noma a gonarsa, ko mata a wajen itace, ko ayari a hanya.

Babbar masifar wannan zama ga iyali ita ce kamu. Wanda aka kashe an san makomarsa, a yi masa addu'a, a raba gādo. Wanda aka kama kuwa, sai dangi su shiga neman labarinsa ta bakin fatake, su tara kuɗin fansa, wani a same shi, wani ya ɓace har abada. Haka kuma abin yake ga Gobirawa da Kabawan da rundunar Sakkwato ta kamo. Kowane ɓangare na iyakar yana da gidajen da aka yanke musu reshe, da gidajen da aka dasa musu baƙon reshe.

5.0 Gidajen Sarauta da Garuruwansu

Idan aka ɗauki taswira aka sa sunayen 'ya'yan Shehu da jikokinsa a kan garuruwan da suka riƙe, za a ga zoben tsaro ya kewaye Sakkwato. Muhammadu Buhari ɗan Shehu yana Tambuwal ta kudu maso yamma. Ahmadu Rufa'i ɗan Shehu ya zauna a Silame, daf da Kabawa, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1867. Isa yana Kware ta arewa. Zuriyar Bello ta riƙe gabas da arewa maso gabas: Wurno, inda Aliyu Babba ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, da Raba, da Isa mai sarautar Sarkin Gobir. Zuriyar Atiku ta kama arewa: Ahmadu Atiku, wanda ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1866, ya mai da Cimola mazauninsa, ɗansa Muhammadu Maiturare kuma ya kafa Gwadabawa a wajejen 1880, ya jawo jama'a daga Adar da sauran ƙasashen arewa suka cika dajin da ke wajen. Ban da 'ya'yan Shehu, gidan Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo yana Binji, gidan Moyijo yana Yabo da sarautar Sarkin Kabi.

Wannan tsari ya haifar da abu biyu. Na farko, ribaɗi ya zama makarantar mulki, kuma matakalar hawa gadon sarauta. Wanda ya tsare garinsa, ya tara jama'a da dawaki, shi masu zaɓe ke dubawa. Na biyu, kowane gida ya sami ƙasa da talakawa na kansa, har gasar da ke tsakanin gidan Bello da gidan Atiku ta zama gasa tsakanin garuruwa. Tasirin wannan ya zarce ƙarni na 19. Maiturare na Gwadabawa ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello a Raba aka haife shi, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba ne. Ibrahim Dasuƙi, wanda ya yi sarauta daga 1988 zuwa 1996, shi ne na farko daga gidan Buhari da ya hau wannan gado.

6.0 Waɗanda Salsala Ta Tsallake

Yanzu sai mu koma ga misalin Amurka. A ƙasar Kentaki, a shekarun 1770, iyalan Turawa sukan haɗu su gina ƙaramin sansani na gungumen itace su zauna ciki, kamar wanda Daniel Boone ya kafa a 1775, wanda 'yan asalin ƙasar na ƙabilar Shawnee suka kewaye a 1778. Tsoron hari a gona, da kamu, da fansa, duk sun san su kamar yadda mutanen Silame suka san su. Bambancin shi ne, a can sau da yawa iyali ne ke yin gaba don neman ƙasar noma, hukuma ta biyo sawu, har a 1862 aka yi dokar ba duk wanda ya zauna ya noma fili eka 160. A nan kuwa hukuma ce ke zaɓen wuri, ta naɗa mai gari, sa'an nan jama'a su taru a inuwarsa. Don haka tarihin iyali a can ya ginu a kan takardar mallakar fili da sunayen da aka rubuta a bangon Littafi Mai Tsarki na gida, a nan kuwa ya ginu a kan sarauta da salsala da kirari.

Akwai wani bambanci da ya fi wannan zurfi. Dokar Bajiniya ta 1662 ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, watau ɗan baiwa bawa ne ko da ubangijinta ne ya haife shi. A shari'ar Musulunci kuwa, ɗan da sa-ɗaka ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, yana gādo, yana sarauta. Mahaifiyar Aliyu Babba sa-ɗaka ce, haka ma Mariya mahaifiyar Isan Kware. Ta wannan hanya jinin waɗanda aka ci da yaƙi ya shiga manyan gidaje tun daga jikokin farko, harshensu da al'adunsu suka shiga tare da shi. Amma salsala ta wajen uba take bi. Takan kawo sunan uwa idan 'yar babban gida ce, in ba haka ba sai ta yi shiru, ko ta ba da suna ɗaya ba gari ba dangi.

Masana na baya sun soki Turner da cewa ya ɗauki yammacin Amurka kamar dajin da ba kowa, ya manta da 'yan ƙasa da bayi da mata. Wannan suka tana iya hawa kanmu. Ƙasar da aka gina ribaɗai a kanta tana da masu ita tun kafin 1804. Waɗanda suka haƙa gwalalo, suka noma gandu a rinji, suka yi jima da saƙa da ƙira, mafi yawansu bayi ne da talakawa, Gobirawa da Zamfarawa da Adarawa da Kabawa da waɗanda aka kawo daga nesa. Littattafan Waziri Giɗaɗo da na Waziri Junaidu taska ce da ba mu da kamarta, amma tarihin shugabanni suka sa gaba. Ƙungiyar 'Yan Taru da Nana Asma'u ta kafa, wadda jajis ke jagorantar matan ƙauye zuwa wurinta don karatu, ta nuna cewa matan waɗannan garuruwa suna da nasu tsari da nasu tarihi, wanda jerin sarakuna bai ƙunsa ba.

Ina za a sami waɗannan mutane? Suna cikin sunayen shiyyoyi da na ƙauyuka, musamman masu ɗauke da sunan wata ƙabila ko wata sana'a ko kalmar rinji. Suna cikin tsagar fuska ta tsofaffi, wadda ke gushewa. Suna cikin wasan taubasantaka, da kirarin gidajen maƙera da majema da masunta, da labarin da kaka ke ba jikokinta na inda aka ɗauko uwarta. Rahotannin kimanta haraji na farkon zamanin Turawa da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, da rubuce-rubucen da ke Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, za su taimaka wajen auna abin da aka ji da baki. Wajibi ne kuma mai bincike ya yi hattara, domin asalin bauta abu ne da gidaje da yawa ba su son a tono, kuma suna da haƙƙin a sakaya sunayensu.

7.0 Kammalawa

Zamanin ribaɗi ya ƙare da shigar Turawan Ingila Sakkwato a watan Maris na 1903. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 suka shata sabuwar iyaka, Konni da Tsibiri da Maraɗi suka faɗa ɓangaren Faransa, dangi ɗaya suka wayi gari a ƙasa biyu. Masu ribaɗi suka koma hakimai masu karɓar haraji, jama'a suka fita daga ganuwa suka bazu a tungaye.

Mun ga cewa gidaje ne suka tsare iyakar Sakkwato, kuma iyakar ce ta ba gidajen ƙasa da ƙarfi da suna. Mun ga a Kware yadda gari ɗaya ya fitar da gida biyu, na wanda aka ci da na wanda aka naɗa, kowanne ya rayu. Mun kuma ga cewa salsala rabin labari take bayarwa.

Akwai dalilin gaggawa. Tun daga wajejen 2018 hare-haren 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka da dama a ƙasashen Raba da Goronyo da Isa da Sabon Birni, watau a kan tsohuwar iyakar nan. Idan ƙauye ya watse, tsofaffinsa suka rasu a gudun hijira, tarihin gidajensa ya tafi ke nan, domin ba a rubuce yake ba. Shawarata ga sassan tarihi da na Hausa na jami'o'inmu ita ce su raba wa ɗalibai tsofaffin ribaɗai ɗaya bayan ɗaya, a fara da Kware da shiyyar Ƙofar Kware da ke kusa, a bi gida gida a rubuta salsala ta wajen uba da ta wajen uwa, a tambayi mata kamar yadda ake tambayar maza, a je Jega da Tsibiri da Argungu a ji yadda su ma suke ba da labarin. Allah ya sa mu dace.